Tsagar Gidanmu a Ƙirjin Isiya

Ku samarin da kuke aski da inji a bakin tashar Ƙaura, na san abin da kuke faɗa in na wuce da zabirata a hammata: wai ga tsoho da jakar tarihi. Ku sha dariyarku. Amma abin da kuke yi wa kan mutum na kwana goma ne, gashi ya tsiro ya shafe shi. Abin da wanzami ya yi wa jikin mutum kuwa, da shi ake sa shi a kabari. Ni Mamman Wanzami na ga aikin hannuna a kan gawa sau biyu, kuma mutum na uku da ke ɗauke da wannan aiki ɗana ne, Isiya. Saboda shi nake ba ku wannan labari, ba don in burge ku ba.

Shekara bakwai ubana bai bar ni na taɓa kan mutum ba. Wasa aska nake yi a dutse, in goga ta a fata, in miƙa masa ya gwada a gashin hannunsa, ya dawo mini da ita ba magana. Daga nan ya shafa wa bayan duma laka ya ce in aske. In na karce dumar, in sha ranƙwashi. Sai ƙaho: yadda za ka ɗora shi, ka zuƙe iska, ka toshe bakin da jijiyar da ka tauna ta yi laushi, ba tare da ka haɗiye ta ba. Na haɗiye ta ya fi a ƙirga. A ƙarshe ya koya mini tsagar magani, wadda ta bambanta da tsagar gado ta fuska. Kowane gidan wanzamai da irin tasa. Tamu guda uku ce gajeru, ta tsakiya ta ɗan fi tsawo, kamar sawun zabo. Ya ce duk wanzamin da ya gan ta zai san wanda ya yi aikin da ciwon da aka yi wa. Asibiti suna da kati, mu tsaga ce katinmu.

Wata damina, wajen shekara ashirin kafin a ba mu jiha, ina zaune a rumfata a Kasuwar Daji wata Bafulatana ta sauke mini yaro daga goyo. Sunansa Buba, bai fi shekara biyu ba. Kwanansa shida da zazzaɓi, an ba shi maganin kemis bai ji ba. Na duba idanu, ja wur, amma ba kwantsa. Leɓɓa sun tsattsage sun yi ja. Na danne harshe da ɗan kara, na gan shi ja da ƙananan tsiro kamar cikin nunannen ɓaure. Ga kaluluwa guda a gefen wuya, tafin hannu da na ƙafa sun kumbura. Tsofaffin rugarsu sun riga sun ce ba ƙyanda ba ce, su kuwa ba a koya musu ƙyanda. Kukan yaron ne ya fi damuna. Ba ya tashi ba ya sauka, ko an ba shi nono yana yi. Ban taɓa ganin irin wannan ciwo ba, amma wanzami ba ya cewa bai sani ba a gaban kasuwa. Na ce zafin jini ne ya taru a ƙirji. Na yi masa tsaga uku ƙarƙashin nonon hagu, na ɗora ƙaramin ƙaho.

Bayan mako biyu uban yaron ya zo mini da rago. Zazzaɓi ya tafi, fatar yatsun Buba ta saɓule daga bakin farce kamar saɓar maciji. Suka ce cutar ce ta fita ta yatsu, ƙahona ya koro ta. Uwar ta ƙulle fatar a tsumma ta kawo mini in gani, sirara, fara, har da zanen yatsa a jiki.

Kafin a yi girbi aka kira ni Zurmi, gidan wasu manoma, kan wani yaro Lawali. Ido, leɓe, harshe, wuya, duk irin na Buba. Na yi abin da na yi wa Buba, shi ma ya tashi, yatsu suka saɓule. Sai abin ya shigo gidana. Isiya yana da shekara uku. An ce wanzami ba ya son jarfa, gaskiya ne. Sau biyu ina ɗaga aska ina ajiyewa, sai da uwarsa ta ce, "In ɗiyan wasu sun samu, naka ba shi samu?" Na yi masa. Ya tashi.

Yara uku, damina ɗaya, duk sun warke a hannuna. Sunana ya kai har Shinkafi. Gidan su Lawali suka ɗauke ni wanzaminsu, ni ne suna, ni ne kaciya. Na ci rago, na sayi keke, na manta da maganar. Yaran ma suka manta, don ba wanda ya sake ko ciwon kai.

Shekara ɗaya bayan an ba mu jiha, lokacin da kowa ke ɗinka sabuwar riga yana nufar Gusau neman aiki, aka aiko mini daga Zurmi cewa Lawali ya rasu. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, in ya riƙe garma sai a tsaya kallo. Suna huɗa a gonar gayya da hantsi, ya tsaya, ya dafe ƙirji, ya zauna a kan kunya ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ruwan ya cika. Kawunsa Ɗan Ige, dillalin shanu, shi ya yi masa wanka, ni ina zuba ruwa da buta. Da aka zo gefen hagu na ga tsagata. Ta girma tare da shi, ta miƙe, ta yi fari fat a kan baƙar fata, kamar jiya aka zana ta da alli. Ruwa ya bi ta cikin layukan uku ya gangara. Ɗan Ige ya shafa wurin da yatsa ya wuce. Ni ma na ci gaba da zuba ruwa. Ajali ne, kuma mutum nawa ne ke yawo da tsagata a ƙasar nan?

Sai ga shekarar Shari'a. Mu wanzamai mun ji ta a aljihu kafin kowa, don gemu ya samu 'yanci. Mutumin da kake yi wa gyaran fuska duk Juma'a sai ka gan shi ya tara ƙasumba yana gaishe ka daga nesa. Masu wa'azi kuma suka taso wa tsagar fuska. Ban damu ba, ga suna, ga kaciya, ga ƙaho.

Wata Alhamis ina kasuwar Shinkafi, na jera wa wani mai ciwon baya ƙaho huɗu, sai na ji ihu daga kara, inda ake cinikin shanu. Wani bijimi ne ya tsinke, wani makiyayi ya bi shi a guje, ya cim masa, ya kama igiya, sai ya sake ta ya faɗi rub da ciki. Bijimin bai taɓa shi ba. Aka ce a kira wanzami. Na je na juya shi, na yage wuyan rigarsa don ya sha iska. Ba numfashi. Ƙarƙashin nonon hagu ga sawun zabo, fari fat. Na dubi fuskar, sai na ga fuskar mutumin da ya taɓa kawo mini rago. Ɗansa ne, Buba.

Da na ɗaga kai, Ɗan Ige na tsaye a kaina da sandarsa ta dillanci. Ba fuskar mamacin yake kallo ba.

"Mamman," ya ce, "wagga tsaga, ba ita ta munka gani ga Lawali ba?"

Na ce, "Ita ta."

"Wuri guda?"

"Wuri guda."

"Mutum nawa ka yi ma ita a nan wurin?"

Na ja rigar Buba na rufe tsagar. Ran nan na manta da mai ciwon baya, sai wani wanzami ne ya cire masa ƙahonina.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Kafin kasuwa ta zagayo, magana ta riga ni zuwa Zurmi da Kasuwar Daji da Ƙaura. Wai ina yi wa yara alama ne, na sayar da su ga wani iska, shi kuma sai sun cika ƙarfi yake zuwa ya karɓi kayansa. Mata suka riƙa tuɓe wa 'ya'yansu riga suna dubawa. In na shigo lungu a keke, sai ka ji ana jan yara cikin gida. A yi haihuwa a maƙwabtana, a ɗauko wanzami daga wani gari, ya wuce ta ƙofar gidana. Askata ta yi wata biyu ba ta taɓa kan kowa ba, sai na mutum ɗaya, Malam Umaru, tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya. Shi ya ce kansa ya saba da hannuna, iska in ya ga dama ya zo su gaisa.

Ɗan Ige ya kai ƙara gaban alƙali, ya ce sihiri na yi wa ɗan 'yar'uwarsa. A wancan lokaci wannan kalma ba abin wasa ba ce, kowa na jiran ya ga a kan wa za a fara. Ɗakin shari'a ya cika har taga. Alƙali mutum ne mai natsuwa. Ya saurari Ɗan Ige, ya tambayi shaida, aka ce gawa biyu, tsaga ɗaya. Ya juyo gare ni.

Ni kuma na zo da shirina, har ina jin daɗin wayona. Na kira Isiya. Lokacin yana da shekara ashirin da 'yan kai, yana dako a kasuwar hatsi, buhun gero yake ɗauka kamar matashin kai. Na ce ya ɗaga rigarsa. Ya ɗaga.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, in ɗiyan mutane ni ka saidawa, wanga hwa? Ɗana na, na cikina. Ciwo guda sunka yi, damina guda, magani guda ni yi masu."

Alƙali ya duba, ya ce ba a kama mutum da zato, rai kuma na Allah ne. Ya sallame ni. Na juyo ina jiran in ga kunya a fuskokin mutane. Ba wanda ke kallona. Isiya suke kallo, yana tsaye riƙe da rigarsa a sama, irin kallon da ake yi wa ragon layya ranar jajiberi. Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Na wanke kaina, na kuma sanar wa ɗana a gaban gari cewa shi ne saura.

Muka kamo hanyar gida, yana tura mini keke. Mun wuce tsohon layin dogo kafin ya yi magana.

"Baba, ka ci shari'a."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Su biyun ga, tsarana na?"

"Tsaranka na."

Ya yi tafiya kaɗan. "Tun kaka, in na ɗauki buhu, wani abu shina danne mani ƙirji awa dutsin niƙa. Shi taho har ga hannu, har ga haɓa. In na zauna shi wuce. Ban gaya ma kowa ba."

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. To, me kuke tsammani wanzami zai yi? Washegari da safe na shimfiɗa tabarma, na zaunar da shi, na jiƙa ƙaho, na wasa aska. Abin da hannuna ya sani ke nan. Ina cikin tauna jijiya Malam Umaru ya yi sallama, ya zo askinsa. Ya dubi Isiya, ya dubi ƙahon.

"Aje wanga ƙaho, Mamman," ya ce. "Ciwon da ka zuwa da ɗaukar kaya shi tahi da hutu, ba na hwata ba na. Gaya mani ciwon da sunka yi suna ƙanana."

Na gaya masa. Ya ce shi bai san sunansa ba, amma ya san inda za a sani. Ya rubuta takarda zuwa ga wata likitar zuciya a babban asibiti a Sakkwato. Ya ce daga yau kada Isiya ya ɗauki ko tulun ruwa. Na sayar da keken muka tafi.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ƙanwata ta uku ba. Ta tambayi Isiya ko ya yi wani babban ciwo yana yaro, ya ce bai sani ba. Ta tambayi kati, na ce ba kati, sai dai wannan, na nuna mata tsagar. Na soma karanto mata kamar ina karatun allo: zazzaɓi ya wuce kwana biyar, ido ja ba kwantsa, leɓe a tsage, harshe kamar cikin ɓaure, kaluluwa gefe ɗaya, hannu da ƙafa a kumbure, bayan mako biyu yatsu su saɓule. Tun ina tsakiya ta ajiye biro.

"Baba, wa ya gaya maka waɗannan?"

Na ce, "Ni na gani. Sau uku."

"Sauran biyun fa?"

Na gaya mata. Ta miƙe ta ce mu biyo ta.

Aka kwantar da Isiya a wani ɗaki mai sanyi, aka shafa masa wani abu mai yauƙi, ta ɗora kan na'ura daidai kan tsagata. Sai ga zuciyar ɗana a gilashi, baƙi da fari, tana buɗewa tana rufewa kamar bakin kifi. Ta murɗa wani abu, ƙararta ta cika ɗakin, kamar ana daka a ƙasan rijiya. Shekara arba'in ina fitar da jinin mutane, ban taɓa ganin inda yake fitowa ba sai ran nan. Ta nuna mini wani baƙin kumburi a gefe. Ta ce jijiya ce daga cikin masu ciyar da zuciyar kanta. Wancan zazzaɓi ba a fata yake ba, jijiyoyin jini yake kamawa su kumbura. Yakan sauka da kansa, yatsu su saɓule da kansu. Yawancin yara sukan tsira lafiya, amma a wasu yakan bar jijiyar zuciya ta yi rauni ta buɗe, kamar tayar keke da ta yi ƙari. Jini ya riƙa daskarewa a wurin, ko bakin wurin ya riƙa tsukewa a hankali. Yaro ya girma, ya yi ƙarfi, ya yi aure, bai san komai ba. Ran da ya nemi zuciyar ta yi babban aiki, hanya ta toshe. Ta faɗi sunan cutar, na wani likitan Japan ne, ya yi kama da sunan babur.

Na ce, "Likita, ƙahona ne ya jawo?"

Ta ce, "A'a, Baba. Bai jawo ba." Na soma sauke numfashi, sai ta ƙara, "Bai kuma warkar ba."

Wato na ci rago a kan aikin da ban yi ba, na tsaya gaban alƙali a kan laifin da ban yi ba. Abin da ya shiga yaran nan yana kwance shekara ashirin ƙarƙashin tsagata, yatsa biyu daga bakin askata, ni kuwa ina yawo a keke ana kirana mai hannun sa'a.

Ta ce da an kawo su asibiti a kwanakin farko na zazzaɓin, akwai abin da ake yi da ke rage ɓarnar. Yanzu sai lallaɓawa. Ta ɗora shi a kan magani na har abada, ciki har da mai tsinka jini don kada ya daskare. Ba dako, ba taba, ba guje-guje, ya riƙa zuwa ana auna jininsa. Sannan ta dubi zabirata, don ko Sakkwato ban je ba tare da ita ba.

"Kuma Baba, ba ƙaho, ba tsaga. In aka yanke shi, jinin ba zai tsaya da wuri ba."

Da muka dawo na tafi Zurmi takanas na sami Ɗan Ige, na gaya masa duk abin da na gani a gilashi. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ashe Lawali da abinai ya tashi." Muka yi wa yaron addu'a tare. Masu zuwa aski suka dawo da kaɗan-kaɗan, wasu ba su dawo ba har suka mutu. Tun daga nan sau ɗaya na sake ganin yaro mai wannan ciwo, wata yarinya daga wajen Galadi. Ban buɗe zabira ba. Na ce da ubanta ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti yanzu-yanzu, ya ce wa likita a duba zuciyarta. Ya ji haushi, ya ce wanzamin Ƙaura ya tsufa.

Isiya ya koma awon hatsi da tiya, yana zaune a inuwa. Ya yi aure, 'ya'yansa huɗu, furfura ta fara fito masa. Duk Juma'a da safe ni nake yi masa aski, kuma ba kan da na taɓa aske wa da hankali irin nasa. Nakan wasa aska sau biyu, in jiƙa gashin sosai, in bi a sannu kamar ina aske dumar ubana. Hannun hagu kuma, da ake riƙe kai da shi, nakan sa babban yatsa ƙarƙashin haɓarsa, inda jijiya ke harbawa. Shi yana tsammani riƙon wanzamai ne. Shekaru ke nan ina jin ta duk mako, tana bugawa a yatsana, in ce to, mun ga wannan Juma'ar.

Juma'ar da ta wuce aska ta zame mini. Ɗan kuskure ne bayan kunne, wanda a kan wani ko toka ba za a shafa ba. Jini ya zubo. Na danne da auduga, ya jiƙa ta. Na sake wata. Aka yi kiran salla, aka tafi masallaci, aka dawo, muna zaune a zaure ina danne da kunnen ɗana, tsumma uku sun yi ja a gabanmu. Sai wajen la'asar ya tsaya. Isiya ya yi dariya ya ce, "Baba, ka ƙara mani tsaga ta huɗu." Ni ban yi dariya ba. Na wanke askar, na naɗe zabira, na ɗaure ta.

Don haka jibi zai zo shagonku. Ni na ce ya zo, ni da na shekara goma ina zagin injinku. Mutum ne dogo, mai ɗan tabo sabo bayan kunnen dama. Wanda duk ya karɓe shi, ya yi masa da inji kawai, kada ya ɗauko reza don gyaran gaban goshi, ko da ya roƙa. In kuma kun kama kansa, ku sa babban yatsa ƙarƙashin haɓa, gefen maƙogwaro, ku ɗan jira. In kun ji tana bugawa daidai, ku ci gaba da askinku. Ina zaune a benci a waje da jakar tarihina. Ku ɗaga mini kai kawai, zan gane.